Wasan Lilon Sama da Rufin da Zai Ɗauke Shi

Ɗakin da yawancin mutane ke kwana a ciki, daga daɓe zuwa silin, bai wuce mita 3 ba. Ajin makaranta ma haka yake, in ya ɗara to da kaɗan. Mai wasan lilon sama kuwa, wanda ke hawa dogon ƙyalle ya nannaɗe jikinsa da shi, sannan ya saki kansa ya gangaro yana juyawa har ƙyallen ya cafke shi dab da ƙasa, sai ya sami kamar mita 6 kafin a ce ya sami sarari, ƙwararru ma sun fi son 8 ko fiye. Waɗannan 'yan mitocin su ne ke yanke hukuncin ko unguwa za ta sami ƙungiyar 'yan lilo ko ba za ta samu ba. Malami yana samuwa, yara masu sha'awa ba sa yankewa, ƙyalle da igiya kuma sayensu ake yi. Abin da ke wuya, a Landan da Dakar baki ɗaya, shi ne rufi mai tsayi da ƙarfi wanda mai shi ya yarda a rataya ɗan Adam a jikinsa.

Wasan reshe ne na wasan sakos (wato circus), kuma kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai sandar lilo, wadda aka rataye da igiyoyi biyu; wata a tsaye take ana wasa a kanta, wata kuma ana shillo da ita har mutum ya sake ta ya faɗa hannun abokinsa. Akwai zoben ƙarfe mai faɗin da mutum zai zauna a ciki, da igiyar auduga mai kauri, da maɗauran hannu guda biyu, sai kuma dogon ƙyallen nan mai ɗan talewa, wanda ya bazu a duniya tun daga shekarun 1990, musamman bayan kamfanin Cirque du Soleil na Kanada ya sa shi cikin wasanninsa. Sandar da ake tsalle daga ita zuwa wata ta girme su a shahara. Jules Léotard ne ya fito da ita gaban jama'a a Faris ranar 12 ga Nuwamba 1859, a zauren Cirque Napoléon, wanda yanzu ake kira Cirque d'Hiver. Abin lura a labarinsa shi ne inda ya koya: mahaifinsa yana da gidan motsa jiki a Toulouse, shi kuwa sai ya rataya sandunansa a saman tafkin ninƙaya, in ya kuskure ya faɗa ruwa. Wanda ya soma wasan ma ɗan gata ne da ya sami gini a gida.

A 'yan shekarun nan wasan ya fita daga hannun iyalan 'yan sakos da suka gaje shi. A birane da yawa za ka tarar da ƙaramar ƙungiya ta unguwa, malamai biyu ko uku, da ɗalibai tun daga yara har matan da suka haura hamsin, suna haɗuwa da yamma bayan an tashi daga aiki. Irin waɗannan ƙungiyoyi su ne ke zuwa gaban hukumar gari suna neman tallafi, kuma kusan kullum roƙon nasu guda ne ko da sun kira shi da sunaye daban-daban: a ba su wurin koyo, a kuma buɗe musu zauren gari su nuna abin da suka koya.

Me ya sa hakan ke da wuya haka? Amsar tana cikin nauyi. Mace mai kilo 60 da ta rataya shiru a jikin ƙyalle kilo 60 take ɗora wa rufi. Da zarar ta saki jiki ta faɗo mita ɗaya ko biyu ƙyallen ya tsayar da ita farat ɗaya, abin da ƙarfen sama ke ji zai iya ninka nauyinta sau uku, sau huɗu, wani lokaci fiye, gwargwadon nisan faɗowar da talewar ƙyallen. A ce ninki huɗu, kilo 240 ke nan. Masu ɗaurin kayan lilo da yawa suna bin ƙa'idar cewa duk ƙugiya ko igiyar da za ta ɗauki mutum sai ta iya jure ninki goma na nauyin da ake tsammani kafin ta karye. Lissafi ya kai kilo 2,400, a wuri guda mai faɗin tafin hannu. Shi kuwa rufin gini ba don haka aka tsara shi ba. An lissafa shi ne ya ɗauki nauyin kansa da iska da ruwan sama, nauyin da ke warwatse a ko'ina, kuma ba ya fizga. Ƙarfen da ya shekara talatin riƙe da kwano lafiya lau zai iya lanƙwashewa in ana fizgarsa a tsakiya sau ɗari kowane mako. Shi ya sa aikin farko na kowace ƙungiya mai hankali shi ne ɗauko injiniyan gini ya hau ya duba ya sa hannu a takarda, kuma wannan sa hannun sau da yawa ya fi dukan kayan wasan tsada.

Tsoron da masu zaure ke yi yana da tushe. Ranar 4 ga Mayu 2014, a birnin Providence na jihar Rhode Island a Amurka, mata takwas na kamfanin Ringling suna rataye da gashin kansu a jikin wani ƙarfe mai siffar laima, sai ƙugiya ɗaya da ke riƙe da komai ta karye, suka faɗo gaban 'yan kallo, ƙarfen ya biyo su. Ba wadda ta mutu, amma wasu sun sami raunin da ya canza musu rayuwa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta gano cewa an ɗora wa ƙugiyar nauyi ta fuskoki uku, alhali an ƙera ta ne ta ɗauka ta fuska biyu a miƙe, ta ci kamfanin tarar dala 7,000. Tarar ba ita ce ta girgiza masu zaure ba. A 2020 aka sasanta ƙarar da matan suka shigar a kan dala miliyan 52.5, kuma ɓangaren masu zauren da masu gudanar da shi ne aka yi sulhun da su. Duk manajan da ya ji wannan labari, in 'yan unguwa suka zo masa da ƙyalle a jaka suna neman ya bari su rataya, abin da zai fara zuwa masa shi ne da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ko manyan da ba su rasa kuɗi ko ƙwarewa ba abin bai bar su ba: Sarah Guyard-Guillot ta rasu a 2013 tana tsakiyar wasan Kà a Las Vegas, Yann Arnaud kuma a 2018 a Tampa, dukansu a Cirque du Soleil.

Sai dai darasin da ya kamata a ɗauka daga Providence ya sha bamban da wanda manajoji suka fi ɗauka. Ƙugiya ɗaya ce aka sa ba daidai ba, babu kuma ta biyu da za ta riƙe in ta farko ta gaza. Kuskuren ɗauri ne, kuma ɗauri ilmi ne da ake koya, ake dubawa, ake rubutawa a littafi. Rufe ƙofar zaure ba ya hana mutane wasan. Yana kora su ne zuwa reshen bishiya, da ƙasan gada, da gareji inda wani ya huda siminti ya cusa ƙugiyar da ya sayo a shagon kayan gini. Wanda ya koyi wasan daga bidiyon intanet ya rataya ƙyalle a ɗakinsa ba tare da katifar faɗuwa ba, shi ne ke cikin haɗarin gaske. Idan tsaron rai ne hujjar, to hujja ce ta a samar da wuri guda da injiniya ya tabbatar, mai katifu masu kauri da malami a tsaye.

Da yake sabon gini ya fi ƙarfinsu, 'yan lilo sun zama magadan gine-ginen da wasu suka gama da su. Ƙungiyar Circus Space ta soma a Landan a 1989, a 1994 kuma ta koma tsohuwar tashar wutar lantarki ta Shoreditch da ke unguwar Hoxton, ginin ƙarshen ƙarni na 19 da ya daɗe a yashe. Zaurukan da aka gina don manyan injina sun zo daidai da bukatar sandar lilo. Yau wurin shi ne National Centre for Circus Arts, ana ba da digiri a cikinsa, ana kuma koyar da yara da manyan da ke zuwa don sha'awa kawai. A Bristol makarantar Circomedia ta shiga cocin St Paul da ke Portland Square bayan an gyara shi, domin ba ginin da ya kai coci tsayin rufi a tsakiyar gari. A Nairobi gidauniyar Sarakasi, wadda aka kafa a 2001, ta mayar da wani tsohon gidan silima a unguwar Ngara wurin atisaye da wasa. A Cape Town makarantar Zip Zap, wadda Brent van Rensburg da Laurence Estève suka kafa a 1992 don yara daga kowace irin unguwa su koya kyauta, ta yi suna da wuri, har ta yi wasa a bikin cikar Nelson Mandela shekara 77 a 1995, amma sai a 2008 ta sami babbar rumfarta a kusa da gidan wasan Artscape. Shekara 16 tsakanin kafuwa da samun wannan rumfa, ga ƙungiyar da shugaban ƙasa ya taɓa zama ya kalla.

Labarin Dakar ya fi kusa da abin da mai karatu ya sani. Modou Touré almajiri ne da ya gudu daga makarantar allo ya yi zaman titi, har ya sami mafaka a cibiyar Empire des Enfants, wadda ita ma a tsohon gidan silima take a unguwar Madina. A nan ya haɗu da wasu 'yan sakos daga Suwidin da suka zo koyar da yara, ya kama wasan, daga baya ya kafa ƙungiyar Sencirk, wadda ke koyar da yaran da suka biyo irin hanyar da ya biyo. Ana yawan ba da labarin a matsayin na hazaƙar mutum ɗaya, kuma hazaƙar tana nan. Amma da babu farfajiyar silimar nan da baƙin suka sami inda za su kafa kayansu, da shi da su ba za su taɓa haɗuwa ba.

Gadon tsohon gini yana da nasa tarkon. Lokacin da Circus Space ta shiga Hoxton unguwa ce da mai kuɗi ba ya waiwaya. Yanzu tana cikin wuraren da haya ta fi tsada a gabashin Landan, kuma masu fasaha irin su na cikin waɗanda suka fara jawo ido gare ta. Cibiyar ta tsira saboda ta kafu da ƙarfi, amma ƙananan ƙungiyoyi da ke haya a tsofaffin sito-sito ba su da wannan kariya. Su gyara wuri, unguwa ta farfaɗo, mai gini ya ga ya fi masa riba ya rushe ya gina gidajen haya, sai ya ba su notis. Ƙungiyar rawa ko ta waƙa in aka tashe ta, za ta ɗauki kayanta ta nemi wani ɗaki. 'Yan lilo kuwa rabin jarinsu a jikin rufin yake: kuɗin injiniya, ƙarfen da aka ƙara, walda, takardar inshora da aka rubuta da sunan wannan ginin. Ba ko ɗaya da ke shiga mota. Saboda haka hayar shekara biyu kusan ba ta da amfani a gare su, ko da arha ce. Hayar shekara 15 ko 20 a kan farashin da aka sani ta fi musu kyautar kuɗi mai tsoka ta lokaci ɗaya.

Wurin koyo ke nan. Wurin nunawa matsala ce ta daban, kuma ita ce hukumomi suka fi rainawa. Sukan ce ai an ba ku inda za ku yi atisaye, me kuma ya kai ku zauren gari? Wanda ya taɓa ganin yadda ake koyon wasan ba zai yi wannan tambayar ba. Watannin farko wahala ce zalla: hannu ya yi kanta, ƙyalle ya ƙona bayan gwiwa, ƙarfe ya bar shaida a cinya, mutum ya yi makonni bai iya ɗaga ƙafarsa sama da kansa ba. Abin da ke riƙe yaro ɗan shekara 13 a cikin wannan hali shi ne ranar da aka sa, wadda uwarsa da abokansa za su zo su zauna, a kashe fitila a kunna tasa. Ta fuskar ƙungiyar kuma, ranar wasa ce ranar da ake sayar da tikiti, sababbin ɗalibai su yi rajista, ɗan majalisar unguwa ya ga inda kuɗin da ya sa wa hannu ya tafi. Ƙungiyar da ke atisaye a bayan gari ba wanda ya taɓa ganinta, ran da aka zo rage kasafi ita za a fara yankewa, ba kuma wanda zai yi magana.

Zauren gari kuwa, ko da an ce na kowa ne, tsarin hayarsa ya fi dacewa da mai lacca ko mai biki. Ana biya ne da awa ko da yini. Mawaƙi zai zo da la'asar ya gwada makirfo ya hau da daddare. 'Yan lilo sai sun shiga tun kwana ɗaya ko biyu kafin wasa, a hau sama a ɗaura, a gwada da nauyi, 'yan wasa su saba da tsayin wurin, domin naɗin da aka auna don mita 6 ba a yinsa a mita 5 sai an sake lissafi. Bayan wasa a sake hawa a kwance. Wasan dare ɗaya ya zama hayar kwana uku. Ga sharaɗin cewa ma'aikacin zauren ne kaɗai zai taɓa ƙarafan sama, kuma ƙungiya ce za ta biya shi, alhali wataƙila gwanin rataya fitilu da labule ne, bai taɓa rataya mutum ba. Ga inshora, wadda kamfanoni da yawa ke janyewa da zarar sun ji an ce ƙafa za ta bar ƙasa. Ba wanda ya ce musu a'a, amma in aka tara kuɗin sai ya zama a'a ɗin ce.

Inda wurin yake ma magana ce. An kafa Belfast Community Circus a 1985, lokacin da rikicin Katolika da Furotesta ke cin Ailan ta Arewa, aka riƙa koyar da yaran ɓangarorin biyu. A gari irin wannan, kafa makaranta a unguwar ɓangare ɗaya daidai yake da gaya wa ɗayan kada ya zo. Ginin da suka samu a Gordon Street a tsakiyar birni yake, inda ba na kowa ba ne, daga 2004 kuma suka fito da bikin Festival of Fools suna wasa a kan tituna. A Montreal an bi wata hanya mai tsada. An buɗe zauren TOHU a 2004, zagayayyen zaure da aka gina musamman don sakos, a unguwar Saint-Michel, gefen wani tsohon ramin fasa dutse da ya zama jujin birni, kusa da hedikwatar Cirque du Soleil da makarantar sakos ta ƙasa. Saint-Michel unguwar masu ƙaramin ƙarfi ce mai yawan baƙin haure, kuma zauren ya ɗauki manufar ɗaukar matasan unguwar aiki da shirya wasu wasanni kyauta. Ba kowane gari ne zai iya gina irin TOHU ba, bai ma kamata ya gwada ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne tun farko sun tambayi kansu ko maƙwabcin ginin zai iya shigarsa.

To don me za a kashe kuɗin jama'a a kan wannan, ga asibiti ga makaranta? Masu goyon baya sukan yi saurin cewa wasan yana gyara tarbiyya, yana raba yara da shaye-shaye, yana warkar da zuciya. Wasu daga cikin waɗannan maganganu an faɗe su ne don kunnen mai ba da tallafi, kuma gara a rage musu gishiri. Abin da ido ke gani ya isa hujja. Wasa ne da babu mai ci babu wanda aka ci, don haka yaron da ba a taɓa zaɓa a ƙwallo ba yana da wuri. 'Yan mata da mata su ne suka fi yawa a yawancin azuzuwan ƙyalle da zobe, su da filayen wasan gari ba su cika yi da su ba. Kuma akwai abin da ake koya dole: ka duba ƙugiyarka kafin ka hau, ka riƙe igiyar tsaron abokinka ba tare da ka waiwaya ba, in malami ya ce sauko ka sauko. Zip Zap ta yi aiki da ƙungiyar likitoci ta MSF a Khayelitsha, tana koyar da yara masu ɗauke da cutar HIV da ke zuwa karɓar magani. Ba lilo ne ke maganin cutar ba, amma ranar asibiti ta zama ranar da yaro ke ɗokin zuwanta, kuma duk wanda ya san wahalar riƙe yaro a kan magani na tsawon rai ya san darajar hakan.

Akwai kuma masu cewa in wasan yana da kyau ya ciyar da kansa. Misalin da suka fi so shi ne na Kambodiya. Wasu matasa tara da suka dawo daga sansanin 'yan gudun hijira a iyakar Tailan ne suka kafa Phare Ponleu Selpak a Battambang a 1994, tare da malamar zanensu Bafaranshiya. Daga baya aka ƙara makarantar sakos, a 2013 kuma aka buɗe rumfar wasa a Siem Reap, garin da masu zuwa ganin Angkor ke sauka, ribar tikiti tana komawa makarantar. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma yana da sharaɗi: garin da baƙi ke cika kowane dare. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020 kuɗin ya ƙafe, har a Maris 2021 suka yi wasan da ya haura awa 24 ba tsayawa, suka shiga kundin Guinness, don tara gudummawa. A wannan shekarar ta 2020 Cirque du Soleil da kansa ya sallami kusan kashi 95 cikin ɗari na ma'aikatansa, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. In tikiti bai riƙe wannan ba, ba adalci ba ne a ce ya riƙe ƙungiyar unguwa.

Gaskiya ne dai wasan yana da tsada in aka raba a kan kowane yaro. Malamin ƙwallo ɗaya zai kula da yara talatin a fili. Malamin lilo ba zai iya sa ido a kan fiye da 'yan kaɗan a sama lokaci guda ba. Wannan ke sa kuɗin aji ya hau, kuma shi ya sa a biranen Turai da Amurka da yawa wasan ya zama na masu hali, duk da sunan al'umma da ke jikin allon ƙofa. A nan ne tallafi ke da ma'ana ko ya rasa ta. In hukuma ta sauƙaƙa wa ƙungiya haya, tana da haƙƙin ta ce a ware gurabe kyauta, a sa aji a lokacin da motar haya ke aiki, a kawo lissafin su wa suka zo kuma daga wace unguwa. Tana da haƙƙin ta nemi ƙa'idar kare yara a rubuce, domin aiki ne da malami ke riƙe jikin ɗalibi, kuma yaran da suka fi bukatar wurin su ne waɗanda ba su da mai tsaya musu. Batun sutura da haɗa maza da mata kuwa kowace al'umma tana daidaita shi da al'adarta. Ƙyalle ma ya fi son a rufe hannu da ƙafa saboda ƙuna.

Masu ba da tallafi daga waje suna da wata ɗabi'a da ke cutar da irin waɗannan ƙungiyoyi ba da niyya ba. Sun fi son abin da ke fitowa a hoto: sababbin ƙyallaye masu launi, malami daga Turai na mako biyu, biki na kwana uku. Haya, da albashin mai gadi, da canjin igiyar da ta tsufa, da kuɗin injiniyan da zai dawo dubawa, ba mai son sa sunansa a kansu. Sai baƙo ya tafi, kaya su zauna a akwati saboda babu inda za a rataya. Haka nan in an tashi horarwa 'yan wasa ake horarwa, a manta da mai ɗauri. Gwanin ɗan wasa kuwa da zarar ya ƙware kamfanonin waje za su ɗauke shi, ba kuma laifinsa ba ne, abinci yake nema. Mai ɗaurin da ya san ƙarafan zauren garinsu ɗaya bayan ɗaya shi ne ke zama, kuma da shi ne manaja zai yarda ya buɗe ƙofa a karo na biyu.

Abin da gari zai yi ba sai ya kai gina sabon zaure ba. Faransa ta nuna wata hanya a 2001, lokacin da ma'aikatar al'adu da ƙungiyar magadan gari da ƙungiyoyin 'yan sakos suka sa hannu a yarjejeniyar yadda gari zai karɓi masu kafa rumfa, aka rubuta abin da ke kan kowane ɓangare, don kada kowace ƙungiya ta riƙa fara roƙo daga tushe a kowane gari. Irin wannan tunani yana aiki a ƙaramin mataki. Hukuma ta biya injiniya sau ɗaya ya duba zauren gari ko ɗakin wasannin wata sakandare, a kafa maratayi uku ko huɗu na dindindin, a rubuta nauyin da kowanne ke ɗauka a liƙa a bango, a riƙa dubawa duk shekara. Daga nan duk ƙungiyar da ta zo ba ta bukatar sabon bincike, kamfanin inshora ma ya sami takardar da zai dogara da ita. A ware wasu kwanaki a kalandar zauren don ƙungiyoyin gari a kan farashi mai sauƙi, a kuma daina lissafa ranar ɗauri kamar ranar wasa.

Inda babu rufin kwata-kwata, akwai firam ɗin ƙarfe mai ƙafa uku ko huɗu da ake harhaɗawa a fili a kwance bayan an gama, wanda masana'anta ta riga ta rubuta nauyin da yake ɗauka. Circus Baobab na Gini, wanda aka kafa a Konakiri a 1998, ya yi abin da ya fi haka: ƙirar bishiyar kuka aka yi musu, suka rataya sandunan lilo a rassanta, suka zaga da ita garuruwan ƙasar kafin su kai ta Turai. Firam yana warware matsalar nunawa a lokacin rani, a filin makaranta ko dandalin unguwa. Amma ƙarfen da ya yini a rana ba ya taɓuwa da hannu, ƙyallen da ya jiƙe ba ya hawuwa, iska mai ƙarfi kuma tana tsayar da komai. Ƙungiyar da ta dogara da shi kaɗai tana rufe aji da faɗuwar ruwan farko, kuma ƙarfin hannun da ɗalibi ya tara cikin wata shida yana zubewa tun kafin damina ta wuce.